Kare Mai Cizo a Lungu: Shin Kai Ƙarar Maƙwabci Cin Amana Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne a Sawaba, nan Kumasi. Maƙwabcinmu dattijo ne, aminin mahaifina marigayi, Baba nake ce masa. Ɓarayi sun haura gidansa sau biyu, sai ya sayo wani ƙaton kare irin na Turawa. In an buɗe ƙofa za a fitar da mota, sai karen ya sulale ya shigo lungu. Ya sha korar yara, ya yaga wa wata mai koko zane, makon jiya kuma ya ciji 'yar ƙanwata mai shekara 7 a ƙauri tana dawowa daga makaranta. Na yi wa Baba magana sau biyu. Ya ce yaran ne ke jifansa, kuma karensa yana da allura, amma bai nuna mana takarda ba. Ina so in kai maganar wajen asambuliman (wakilin unguwarmu a majalisar ƙaramar hukuma) da tankas (jami'an duba tsaftar gari), mutanen gida sun ce kai ƙarar maƙwabci tonon asiri ne, kuma wulaƙanta zumuncin mahaifina ne. Samarin unguwa kuwa cewa suka yi in bar musu, za su jefa masa nama da guba. Mene ne hukunci, Malam?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kafin hukunci, ina yarinyar? Ba ka ce an kai ta asibiti ba, kuma wannan ya fi komai damuna a wasiƙarka. In ba a kai ta ba, ajiye almakashi ka kai ta yau, ko Manhyia, ko Komfo Anokye, ko asibitin da ya fi kusa da ku. Ka ce musu kare ne ya cije ta, kuma ba ku ga takardar allurarsa ba. Kada wani ya ce maka mako ya wuce, ciwo ya kame, shi ke nan. Cutar haukan kare ba ruwanta da warkewar fata. Jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, takan yi wata biyu ko uku a ɓoye, ran da ta bayyana kuwa likita ba shi da abin yi sai rage raɗaɗi. Allurar da ake yi bayan cizo ita ce ke tare ta a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 take kashewa duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Duk wanda kare ya ciza, abin da za a fara yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15, daga nan sai asibiti. Toka da barkono da gashin kare ba su tare komai.

Ina yaro a zango na ga wanda aka bari. Ɗan cizo ne a yatsa, aka babbake gashin karen aka shafa masa, kowa ya manta. Bayan wata biyu sai ga uwarsa tana miƙa masa ruwa a moɗa, leɓensa a bushe, yana son sha, amma da ya ga ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture moɗar yana kuka. Aka yi ta tofi, ana cewa iska ce. Kwana huɗu muka kai shi makwanci. Har yau in na ji an ce "ai ɗan cizo ne", moɗar nan nake gani tana gangarawa a tsakar gida.

To, ga hukunci. Kai maganar wannan kare gaban hukuma halal ne gare ka, babu zunubi a ciki, babu cin amana. Tun da kuma ya riga ya ciji mutum, an yi wa mai shi magana bai ɗaure shi ba, abin da nake gani shi ne ya tashi daga halal ya zama wajibi a kan mutanen lungun, wanda in ɗaya ya yi ya sauke wa saura.

Mutanen gidanku ba mugunta suke nufi ba. Sun san girman maƙwabci, sun san rufin asiri, kuma duka biyu addini ne. Inda suka kuskure shi ne ɗora rufin asiri a wurin da ba nasa ba. Asirin da ake rufewa shi ne laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko tuntuɓen da ya wuce. Kare da ke yawo a lungu yana cizon yara ba asiri ba ne, kowa ya gan shi, kuma cutarwarsa ba ta ƙare ba, gobe ma ƙofar nan za a buɗe. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son a bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Malamai, cikinsu har da Imamu Nawawi, sun lissafa wuraren da ambaton mutum a bayan idonsa ba ya zama gulma, suka fara da kai kuka ga mai iko, sannan neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin mutane kan abin da zai cutar da su. Maganarka ta shiga duka ukun. Hindu matar Abu Sufyan ta kai kukan mijinta gaban Annabi (SAW), ta ambaci rowarsa, bai ce ta yi gulma ba, hukunci ya ba ta.

Haƙƙin maƙwabtaka kuwa ba a kanka kaɗai yake ba. Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai amintu daga cutarwarsa ba. Wani mutum ya zo yana kukan maƙwabcinsa, ya ce masa ya je ya yi haƙuri. Da ya dawo sau biyu ko uku, sai ya ce ya fitar da kayansa ya zuba a kan hanya. Mutane suka riƙa tambaya, yana ba su labari, suna tir da maƙwabcin, har shi da kansa ya zo ya ce ya koma gida, ba zai sake ganin abin ƙi daga gare shi ba. Ka ga haƙuri yana da iyaka, bayan iyakar kuma Annabi da kansa ya yi umarni a fito da magana fili. Kai naka ma ya fi wannan nauyi. Mutum yana haƙuri ne da haƙƙin kansa. Ƙaurin 'yar ƙanwarka ba naka ba ne da za ka yafe, haka 'ya'yan mutane da ke bin lungun nan da allo a hannu.

Akwai abin da nake so mutanen gidanku su ji, don in sun ji shi za su daina ganin ƙarar nan al'adar Bature ce. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar kare mai cizo tun da daɗewa, suka rataya hukuncinsa a kan abu guda: an gargaɗi mai shi ko ba a gargaɗe shi ba? Wanda ya ajiye kare a inda aka yarda masa, ba a ɗora masa ramuwar ɓarnar da ya yi sai bayan an je an gaya masa cewa karenka yana cizo. In an gaya masa ya yi ko-oho, duk abin da karen ya ɓata bayan haka yana wuyansa. Shehu Halilu ya kawo mas'alar a Muhtasar cikin babin jini, tare da mai haƙa rijiya da mai ɗaure dabba a kan hanya, ya ambaci diyya in rai ya salwanta. Masu sharhi suka ce gargaɗin nan ana yin sa ne gaban mai iko ko gaban shaidu, don kada gobe mai kare ya ce ba wanda ya faɗa masa. Abin da kake son yi wajen asambuliman shi ne wannan gargaɗin, da sunansa da kamanninsa. Fiƙihu ya riga tankas saninsa.

Yanzu bari in tsaya wa Baba, don shi ma yana da haƙƙi, kuma ba na son ka tafi da rabin magana. Mutumin da aka haura masa gida sau biyu ba ya barci kamar kowa. Gaskiya ne hadisi ya zo cewa wanda ya riƙe kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwaya biyu. Risala ma ta hana ajiye kare a gidajen gari. Amma an ruwaito cewa mai Risalar kansa, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maɓarnata, kare ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da garke in buƙata ta tabbata, ni ma a kan haka nake. Don haka kada kowa ya je wa dattijon nan da cewa kare haramun ne, mala'iku sun gudu daga gidansa. Ba wannan ce matsalar ba, kuma in kun fara da ita zai toshe kunne. An yarda masa ya tsare gidansa. Ba a yarda masa ya mai da lungu daji ba. Ƙa'idar da Annabi (SAW) ya kafa ita ce babu cuta babu cutarwa, kuma tsoron ɓarawo bai halatta masa jefa yara cikin tsoro ba.

Maganar jifa da ya yi, kada ku watsar da ita. Yaranmu suna jifan karnuka, mu duka mun sani, kuma kare da ake jifa kullum yakan koma mugu. Iyaye su tsawata. Amma wannan ba ya ɗauke masa alhakin ƙofa.

Guba kuwa haramun ce, ka gaya wa samarin nan ni na faɗa. Za su ce ai an halatta kashe kare mai cizo ko a Harami. Haka ne, yana cikin abubuwa biyar da hadisin Nana A'isha ya ambata. In kare ya afka wa yaro a gabanka, kāre yaron da abin da ke hannunka, ko da karen zai mutu, babu komai a kanka. Amma a zauna a ƙulla, a bi dare a jefa guba gidan mutum, wannan wani abu ne daban. Dukiyar wani ce, kuma yanke hukunci a kanta aikin mai iko ne. Naman da aka jefa bai san kare ba: kyanwa za ta ci, kaji za su tsattsaga, yaro mai rarrafe yana iya kai shi baki. Mutuwar guba azaba ce mai tsawo, alhali Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa, kuma ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare da huffinsa. Ga kuma wata hasara da samari ba su hango ba. Likitocin dabbobi sukan tsare karen da ya yi cizo su lura da shi kwana 10, don in yana ɗauke da cutar a lokacin cizon, za ta bayyana a jikinsa cikin kwanakin nan. In an kashe shi an jefar a kwata, an binne amsar da iyayen yarinya suke buƙata. Bayan duk wannan, gaba ce za ta ƙullu tsakanin gida biyu, irin wadda jikoki ke gada.

Ga yadda nake ba ka shawara. Gobe bayan asuba ka ɗauki limaminku da dattijo ɗaya da Baba ke jin nauyinsa, ku same shi a gida, kada a yi a bakin masallaci. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: Baba, jikarka aka ciza, muna roƙon takardar allura yau, a gyara ƙofa, a ɗaure kare kafin a buɗe ta, da rana a sa shi a keji. Ka faɗa masa da bakinka cewa za a sanar da likitan dabbobi, don kada ya ji a bakin wani. Sanarwar cizon ba ta jiran yardarsa, lafiyar mutane ce. Sauran maganar, in ya gyara a take, ba sai an ja ta ba. In ya ƙi, ko ya ce gobe ya maimaita gobe, ka wuce wajen asambuliman, ka nemi ya haɗa ka da tankas na majalisar Asokore Mampong, wadda Sawaba ke ƙarƙashinta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisu irinta ikon kafa ƙa'idoji a yankunansu, kuma bin hukuma a abin da ke tsare rayuka ba saɓo ba ne.

In ka je, faɗi abin da ya faru kawai: ranar cizo, wurin, wanda ya gani, da takardar asibiti. Kada ka ce mahaukaci ne tun da ba ka sani ba. Kada ka ce ya ciji biyar alhali ɗaya ya ciza. Kada ka tono tsohuwar rigimar kwata ko ta iyakar fili ka cusa a ciki. Daidai nan ne ƙara ke rikiɗa ta zama ƙazafi, lada ya koma zunubi. Masu karnuka da yawa abin da suke tsoro shi ne a zo a kashe musu dabba ba bincike, ko a kunyata su a unguwa, shi ya sa suke ɓoye cizo. Ka nuna wa jami'an cewa allura da tsarewa kuke nema, ba kan kare ba. In su suka ga sai an kashe shi, nasu ne, su yi ta hanyar da ba azaba.

Kuɗin asibiti da na allura a kan Baba suke, tun da an sha gaya masa halin karen kafin ranar. Iyayen yarinya suna iya karɓa, suna iya yafe abin da suka kashe daga aljihunsu. Zumuncin mahaifinka kuma kada ka sake shi. Ko ya ɗaure maka fuska, ka ci gaba da gaisuwa, ran Sallah ka ɗinka masa riga ka kai da hannunka.

Allurar yarinya ba ɗaya ba ce. Za su rubuta muku ranakun komawa a kati, ku cika su duka, sai in likita ne da kansa ya ce a tsaya. Wallahu a'alam.