Amsa: Ɗana yana da ƙoƙari amma mantuwa ta yi masa yawa

'Yar'uwa, kin tambaya ko lalaci ne ke sa ɗanki mai shekara 15 ya iya karatu amma ya riƙa manta aike, ya kasa tsara lokacinsa. Galibi ba lalaci ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke riƙe abu na ɗan lokaci, ya tsara aiki, ya danne son zuciya, kuma sai wajen shekara 25 yake gama girma. Ko babba ma, abin da yake iya riƙewa lokaci guda bai cika wuce huɗu ba.

Na sha ganin haka a ajina: in na jero wa yara umarni biyar da baki, na farko da na ƙarshe kawai ke zama. Ki ba shi aike biyu, ya maimaita miki, sauran ya rubuta. Ki kuma lura da barcinsa, domin kwana kan waya yana raunana aikin sashen nan ƙwarai. Amma fa in mantuwar ta zo farat ɗaya bayan ya bugu a ka, ko halinsa ya sauya, ku kai shi asibiti a duba shi.