Tambaya da Amsa: Shin ƙarin kuɗi zai gyara mini intanet ɗin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne a gida, kuma tsarin intanet da muke biya an ce gudunsa 40 Mbps ne, amma idan ina sauke wani abu a kwamfuta ban taɓa ganin lambar ta wuce 5 ba. Bayan haka, ina koyar da ɗalibai ta kiran bidiyo da dare, kuma kullum suna ƙorafin cewa hotona yana daskarewa, muryata tana yankewa. Kamfanin ya ce in koma tsarin 100 Mbps. Shin hakan zai magance matsalar? Daga wata malama mai bibiyar wannan shafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Game da lambar 5 da kike gani, ki kwantar da hankalinki, domin ba a tauye miki komai ba. Kamfanoni suna tallata gudu da megabit a kowane sakan, wato Mbps, ita kuwa kwamfuta tana nuna abin da take saukewa da megabayit, kuma megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya. Idan kika raba 40 gida takwas, 5 za ki samu, wato layinki yana ba ki cikakken abin da kika biya a wannan ɓangaren.

Matsalar darasinki ita ce ta fi damuna, kuma ina ganin ba ta da alaƙa da wannan lambar. Kowane layin intanet yana da gudu iri biyu: na saukewa, wanda kike amfani da shi wajen kallo da karatu, da na ɗorawa, wanda ke ɗaukar hotonki da muryarki zuwa wurin ɗalibai. Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa a talla kusan kullum ta saukewa ce, ta ɗorawa kuwa takan kasance ƙarama sosai, sai dai a layin faiba, wato mai ɗaukar intanet ta zaren gilashi, inda sau da yawa biyun kan zo daidai. Tunda ɗalibai ne ke ganin hotonki yana daskarewa, abin zargi na farko shi ne gudun ɗorawa. Manhajar Zoom tana buƙatar kusan 4 Mbps na ɗorawa don kiran rukuni mai hoto tangaran, kuma wayar mutum ɗaya a gida da ke tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet a daidai lokacin tana iya cinye wannan hanyar gaba ɗaya ba tare da mai wayar ya sani ba. Saboda muhimmancin wannan ne hukumar sadarwa ta Amurka, lokacin da ta ɗaga ma'auninta na intanet mai sauri a shekarar 2024, ta kai gudun ɗorawa zuwa 20 Mbps daga 3 kacal.

Amma ko 40 ta ishi mutum shida? Lissafin ana yin sa ne da yawan abin da ake yi a lokaci guda. YouTube ya ba da shawarar 5 Mbps don bidiyo mai ingancin 1080p, da 20 don na 4K. Mutum uku suna kallo, ke kina darasi, biyu suna hira a waya, duka ba za su kai 30 ba. Idan akwai mai kallon 4K a babbar talabijin, nan ne layin zai fara ƙunci.

Shawarata ita ce kada ki biya ƙarin ko sisi sai kin yi gwaji. Ki haɗa kwamfutarki da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan, ta hanyar kebul, ki buɗe shafin gwajin gudu irin su Speedtest, ki auna da safe, ki sake aunawa da dare a lokacin darasi, na tsawon kwana uku, kina rubuta gudun saukewa, da na ɗorawa, da jinkirin amsawa wanda ake ƙirga shi da milisakan. Daga nan ki cire kebul ɗin, ki maimaita ta Wi-Fi a ɗakin da kike koyarwa. Idan sakamakon kebul ya yi kyau, na Wi-Fi ya faɗi, to bango da nisa ne suke cinye siginar, kuma ko kin koma 100 haka za ki ci gaba da fama. Maganinsa shi ne a fito da rautar fili a tsakiyar gida, ko ki riƙa yin darasin da kebul, wanda shi na fi so wa duk mai koyarwa. Idan rautarki tana ba da Wi-Fi a zango biyu, zangon 5 GHz ya fi gudu idan kina kusa da rautar, na 2.4 GHz kuwa ya fi ratsa bango.

Idan kuwa har ta kebul gudun yana zubewa da dare kawai, cunkoso ne a ɓangaren kamfanin, kuma da rubutattun lambobinki a hannu za ki iya neman su gyara ko ki sauya kamfani. Idan gudun ɗorawa ne ya gaza a kowane lokaci, to sauya tsari yana da ma'ana, amma kafin ki amince, ki sa su rubuta miki gudun ɗorawa na sabon tsarin, su kuma faɗa miki ko akwai adadin data da idan an kai shi ake rage gudun har ƙarshen wata.