1080i ko 1080p, wanne zan saka in zan ɗauki wasan mawaƙa da daddare?

Tambaya: Salam Malam, ina ɗaukar bidiyon biki da majalisi a Kano, yanzu an ba ni aikin ɗaukar wasan mawaƙa na Sallah a wani hol da daddare, kuma hasken wajen sai na kan dandamali kawai. Kyamarata a menu tana da 1080/50i da 1080/25p da 1080/50p. Ogan da na koyi aiki a wajensa ya ce kullum in saka mai i saboda ya fi haske a duhu. Dan Allah wanne ne daidai? Za a ɗora ne a YouTube da Facebook.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka saka 25p. Amma maganar oganka ba daga iska ya ɗauko ta ba, a zamaninsa gaskiya ce.

Mai p kowane firem cikakken hoto ne, layi 1080 gaba ɗaya a lokaci guda, 25p firem ashirin da biyar ne a sakan ɗaya, 50p kuma hamsin. Mai i kuma raba hoton yake gida biyu, ya ɗauki layi na 1, 3, 5 har ƙasa, bayan ɗan ƙiftawar ido ya ɗauki na 2, 4, 6, kowane rabi layi 540, wato rabi hamsin a sakan ɗaya. Dabara ce ta tun shekarun 1930 da aka yi wa tsohuwar talabijin mai ƙeya don motsi ya yi santsi ba tare da an cinye layin watsa shiri ba.

To ina maganar haske ta fito? Kyamarorin kaset irinsu Sony PD170 da Panasonic DVX100 sensarsu, wato abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, irin wadda ake kira CCD ce, in suna ɗaukar i sai su haɗa hasken layi biyu su mai da shi ɗaya, hakan yana ninka hasken kusan sau biyu, shi ya sa duk wanda ya yi aiki da DVX100 ya san da ka juya ta zuwa p hoton ke yin duhu. Yawancin na yanzu kuma wata irin sensa mai suna CMOS gare su, suna karanta cikakken hoto ne sannan su yanka shi rabi-rabi su ba ka 50i, kaga ribar hasken ta tafi sai matsalar mai i kaɗai ta saura. Ka gwada taka a ɗaki mai duhu, ka bar shata (tsawon lokacin da kyamara ke shan haske a kowane hoto) da airis (ƙofar da haske ke shiga ta lens) da gen (ƙarin hasken da kyamara ke yi da lantarki) a wuri ɗaya ka canza i zuwa p ka gani da idonka, minti biyar ya ishe ka.

Matsalar kuwa ita ce waya da laftof da filasma duk cikakken hoto suke nunawa, to in mawaƙi ya ɗaga hannu ko 'yan rawa suka juya, rabin farko da na biyu ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba sai ka ga gefen jikinsu ya yi layi-layi kamar haƙoran mataji, kuma a dandamali abin ya fi muni saboda farar shadda ce cikin haske a kan baƙin bango, ga fitilu masu walƙiya da za su iya kunnuwa a rabi ɗaya su mutu a ɗayan. Sannan in an zo gyara shi yashi-yashin da duhu ke kawowa yana rikita manhajar, ba ta gane wanne ne motsi wanne ne datti, sai YouTube ya ƙara matse shi, hoton ya dame.

Abin da zai cece ka a duhu shata ce. A 50i da 50p ba ka sauka ƙasa da 1/50 na sakan ba tare da ka ɓata motsin ba, amma a 25p kana iya fara wa da 1/50, in wajen ya yi duhu sosai ka sauko 1/25 ka samu ninkin haske kyauta. Sai dai motsi zai ja jela, don haka ka yi hakan lokacin da mawaƙi ke tsaye ko in ka juya kan 'yan kallo, ban da lokacin rawa. In ka je ka tarar da hasken dandamalin mai ƙarfi ne kuma rawar mai zafi ce, 50p da shata 1/50 ko 1/100 ya fi kyau, har kana iya rage gudunsa a editin.

Kar ka yarda ka saka 30p ko 60i. Waɗannan na ƙasashen da wutar lantarkinsu 60Hz ce, wato tana juyawa sau sittin a sakan, kamar Amurka, tamu 50Hz ce, za ka ga fitilu na rawa a hoton. Fitilun LED masu arha da janareton da gudunsa ke hawa da sauka su ma suna kawo wannan ko a 25p, shi ya sa ina so ka je tun lokacin gwajin sauti ka roƙi mai fitilu ya kunna maka su, ka juya shata tsakanin 1/50 da 1/100 har rawar fitilun ta tsaya.

Gen kuma da dB ake auna shi, duk 6dB ninki biyu ne na haske da na datti, a ƙaramar kyamara ni ba na son wuce 12dB. Ka matso kusa da dandamali maimakon jan zum don yawancinsu airis na rufewa in ka ja zum, ka cire fokas daga otomatik saboda hayaƙi da walƙiya na sa shi farauta, kuma ka auna haske da fuskar mawaƙin, bango ya yi baƙi ba komai, fuskar da ta ƙone fari fat ba ta dawowa.

Tambaya: Ni kuma na riga na ɗauka da 50i, ga layi-layin nan ya fito, akwai gyara?

Amsa: Akwai Hajiya. Ki sauke HandBrake, kyauta ce, ki shiga Filters wajen da aka rubuta Deinterlace ki zaɓi Bwdif ko Yadif ki saka shi a Bob, a ɓangaren bidiyo ki sa firem 50, zai mai da kowane rabi cikakken hoto motsin ya fito sumul. Ki yi wannan kafin ki rage girman hoton, in kika rage shi da layukan a ciki sun zauna kenan. In kuwa gidan talabijin ne suka ba ki aikin ki tambaye su tukuna, wasu har yanzu 1080i suke karɓa, kuma fitar da 50i daga 50p abu ne mai sauƙi a editin.