Wasan ƙarfe uku na Asabar: ba gwamnati ba ce

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na saurari tambayarka, wai ko gwamnatin Ingila ce ta hana nuna wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a talabijin. A'a, ba ita ba ce. Komai sai a ce gwamnati! Hukumar ƙwallonsu ce, FA, ta fake da sashe na 48 na dokokin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, wanda ya ba kowace ƙasa damar hana haska ƙwallo na awa biyu da rabi. Su kuma suka zaɓi daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata. A tsakanin nan ko wasan Sifen ba a haska musu kai tsaye.

Abin ya samo asali tun shekarun 1960. Bob Lord, shugaban kulob ɗin Burnley, mahauci ne ma, shi ya kafe cewa in aka nuna manyan kulob a talabijin, wa zai sayi tikitin ƙananan? To shi ke nan, har yau ana kan maganar mahauci.

Ni abin da ke ƙona mini rai, ƙanena da ke karatu a can yana biyan kuɗin tasha har biyu duk wata. Biyu fa! Amma Asabar na yi, shi ne zai bugo mini yana tambaya ci nawa ne. Mutum yana jin ihun 'yan kallo ta tagarsa, amma sai ya tambayi wanda ke wata nahiya. Na ce masa ya soke ɗaya, ya ƙi. Lokacin korona a 2020 ai ɗage dokar suka yi tunda filaye babu kowa, mutane na dawowa suka mayar da ita.

Inda gwamnati ta sa hannu sosai Amurka ce. A 1975 majalisarsu ta... a'a, tsaya in gyara, 1973 ne. Majalisa ta ce in tikiti ya ƙare awa 72 kafin wasan NFL, wato gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, dole a nuna wa mutanen garin. Kafin nan ko fili ya cika maƙil ba sa gani, har Shugaba Nixon sai da ya yi ƙorafi. Ta 1975 ita ce ta hukumar sadarwa, FCC, da ta hana tashoshin kebul su shigo da wasan da aka toshe ta bayan gida. A 2014 suka soke ta, NFL ma ta jingine tata dokar toshewar a 2015.

A Birtaniya kuwa hannun gwamnati na buɗewa ne. Dokar 1996 ta ware wasanni irin su kofin duniya da wasan ƙarshe na kofin FA, ta ce tashoshin kuɗi ba za su kulle su su kaɗai ba, hukumar sadarwarsu, Ofcom, ke sa ido. Firimiya ba ta cikin jerin, kafin wani ya sake tambayata.