Likita, tafiyata Barazil ta faɗo a lokacin kalankuwa: maganin da na haɗa ya isa?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Wurin aikina zai tura ni birnin Riyo de Janairo na ƙasar Barazil tsawon mako biyu a watan Fabrairu, sai daga baya na gane tafiyar ta faɗo daidai lokacin bikin kalankuwarsu da ake kira Kanibal. Shekaruna 46, ina shan maganin hawan jini. A wata tafiya da na yi a baya zazzaɓi ya kwantar da ni a otal kwana uku, ba wanda na sani, ba na jin yaren mutanen, har na fitar da rai da komawa gida. Tun da aka sa ranar wannan tafiyar barcina ya ragu. Na je kemis an haɗa mini maganin maleriya, da ibufurofen, da daikulofenak, da maganin taifot kala biyu, mai kemis ya ce da na ji jikina ya yi zafi in fara shansu gaba ɗaya. Wannan ya isa, ko akwai abin da zan ƙara?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, duk wanda ciwo ya taɓa kwantar da shi a ɗakin otal shi kaɗai ya san abin da kake ji, kuma ban ga laifin fargabarka ba. Ka kwantar da hankalinka, mutane masu ɗimbin yawa suna zuwa Riyo a wannan lokaci su koma lafiya ƙalau. Amma gaskiya, abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka jakar magungunan nan ce, fiye da taron da zafin garin. Kafin ka ƙara komai, akwai abin da za ka cire: ibufurofen da daikulofenak. Ka bar su a gida.

Ga dalili. Fabrairu tsakiyar lokacin zafi ne a Barazil, zafi mai haɗe da ruwan sama, kuma lokacin ne sauron da ake kira Aedes aegypti yake yaɗuwa, mai ɗauke da zazzaɓin denge. A farkon Fabrairun 2024, ana saura 'yan kwanaki a fara Kanibal, hukumomin birnin Riyo suka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda denge. A wannan shekarar Barazil ta ƙirga mutum sama da miliyan 6 da ake zaton sun kamu, dubbai suka rasu. Maleriya kuwa, kusan dukkanta a yankin Amazon take, can arewa mai nisa. Ba a ɗaukarta a unguwannin birnin Riyo. Ke nan idan zazzaɓi ya kama ka a can, abin da likita zai fara zargi denge ne, kai kuma an haɗa maka kayan yaƙi da wata cutar daban.

A nan zan daɗe, don wannan ita ce matsalar da nake fama da ita kullum a asibiti: mutane sun ɗauka duk zazzaɓi maleriya ne, idan ya ƙi sauka taifot ne, kuma duk ciwon jiki maganinsa ƙwaya mai ƙarfi ko allura. Denge yana zuwa da zafin jiki farat ɗaya, har ma'aunin zafi ya kai 40, da ciwon kai, da ciwo a bayan idanu, da ciwon gaɓoɓi da tsoka kamar an lakaɗa wa mutum duka. Wannan ciwon jikin shi ne tarkon. Shi yake sa hannun mutum ya kai ga daikulofenak. Alhali denge yana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, yana kuma raunana bangon ƙananan jijiyoyi. Asfirin da ibufurofen da daikulofenak kuma aikinsu ya haɗa da hana waɗannan ƙwayoyin haɗuwa, suna kuma goge bangon ciki su matsa wa ƙoda. Mutumin da ƙwayoyinsa suka riga suka ragu, ka zo ka kashe ƙarfin 'yan kaɗan da suka saura, me kake jira in ba zubar jini ba? Daga dasashi yake farawa, ko haɓo, ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta, wanda jini ne daga ciki. Allura a tsoka ma haka, wurin yana iya tara jini ya kumbura. Shi ya sa ba a yi wa wanda ake zargin yana da denge allurar ɗuwawu.

Sai rabi na biyu na wannan kuskuren, wanda ya fi na farko kisa: zaton cewa saukar zazzaɓi ita ce warkewa. A denge, sa'o'in da suka fi haɗari su ne bayan zafin ya sauka, galibi tsakanin kwana na 3 da na 7, kuma suna ɗaukar awa 24 zuwa 48. A lokacin ne ruwan jini yake iya tsiyayewa daga jijiyoyi ya taru a ciki da ƙirji, jini ya yi kauri, ƙarfin bugunsa ya faɗi. Mara lafiyar kuwa jikinsa a sanyaye, shi da na kusa da shi suna murna wai maganin maleriya ya yi aiki. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da ya dawo daga tafiya, aka yi masa allurar daikulofenak kwana uku a jere a wani shago, aka ɗura masa maganin maleriya har kala biyu ba tare da gwaji ba. Ranar da zazzaɓin ya sauka iyalinsa suka yi hamdala. Washegari aka kawo mana shi ranga-ranga, hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, dasashi na jini. Allah ya sa yana da sauran kwana, amma mun kwana a kansa. Da na tambayi wanda ya kawo shi ko mai allurar ya tambaye shi inda ya je, sai ya ce ko kusa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Tambaya ɗaya tak, wadda ba ta cin ko sisi, da ta canja komai. Mai sayar da magani da zai haɗa wa mutum ƙwayoyi biyar ya ce ya sha gaba ɗaya ba tare da ya san ƙasar da za shi ba, ciniki ya yi, kuma da ran mutum ya yi shi.

Haka nan saƙonnin da ake yaɗawa a WhatsApp cewa ruwan ganyen gwanda yana warkar da denge. Abin da ke kai mutum kabari a wannan cutar tsiyayar ruwan jini ne, kuma abin da ke ceto shi ƙarin ruwa ne gwargwadon awo, a lokacin da ya dace, ana bibiyar gwajin jininsa. Wanda ya zauna a ɗaki yana tace ganye, waɗannan awoyin yake ɓatarwa. Denge ba shi da ƙwayar da ke kashe shi, maganin ƙwayoyin cuta irin na taifot ɗin da aka ba ka ba ya taɓa shi ko kaɗan. Amma idan aka gano shi da wuri aka kula yadda ya kamata, masu mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

To me za ka yi idan jikinka ya yi zafi? Farasitamol kaɗai, miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a wuni da dare, kuma ka duba maganin mura don da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ka sha ruwa sosai. Ma'aikatar lafiyar Barazil tana ba babba shawarar mililita 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan lita 4 ga mai kilo 70, kashi ɗaya cikin uku ya kasance ruwan gishiri da sukari. Idan kana fitsari duk bayan awa 4 zuwa 6 kuma bai yi duhu ba, kana kan hanya. Kuma ka je a duba ka tun ranar farko ko ta biyu, kada ka jira. A tsarinsu, mai hawan jini yana cikin rukunin da dole a yi masa gwajin ƙidayar jini ko da bai nuna alamar haɗari ba. Akwai gwajin NS1 da ke gano denge a kwanaki biyar na farko. Alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu su ne ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga ko'ina, jiri idan ka miƙe, kasala ko rikicewar da ba ka saba ba, numfashi sama-sama, da sanyin hannu da ƙafa.

Idan ka shiga kantin magani a can, ka lura da sunayen da ke jikin kwali. AAS asfirin ne, ibuprofeno da diclofenaco kuma ka gane su. Za su iya miƙo maka dipirona, wanda likitocinsu suke bayarwa ga masu denge, wannan ba ya cikin waɗanda na hana. Idan kuma cikin magungunan hawan jininka akwai ƙaramar asfirin ta kullum, kada ka yanke shawara kai kaɗai, ka tambayi likitanka tun kafin ka tashi abin da za ka yi da ita idan zazzaɓi ya zo.

Maganin maleriyar ka iya riƙe shi, amma da sharaɗi. Idan daga ƙasar da maleriya take ka taso, kana iya tafiya da ita a jininka ta bayyana a can, likitan Riyo kuwa ba ita zai fara tunani ba. Saboda haka ka faɗa masa da bakinka daga inda ka zo, ka nemi a gwada duka biyun. Gwaji kafin sha.

Batun inda za ka je, labarin mai daɗi ne. Tun kundin tsarin mulkin 1988 Barazil take da tsarin lafiya na gwamnati da ake kira SUS, kuma yana karɓar kowa kyauta, har da baƙo. Akwai cibiyoyin gaggawa da ake kira UPA masu aiki dare da rana, lambar motar asibiti kuma 192 ce. Sai dai a kwanakin biki layi yana da tsawo, ana rufe tituna saboda jerin gwanon makaɗa da 'yan rawa, ƙananan asibitoci da ofisoshi da dama a kulle suke har zuwa tsakar ranar Larabar toka, ranar da Kirista suke fara azuminsu. Asibitocin kuɗi sun fi sauri, amma za su nemi inshora ko kuɗi a hannu. Ka matsa wa wurin aikinka su yanka maka inshorar tafiya, ka karanta da idonka ko ta haɗa da ciwon da kake da shi tun da farko, don a nan kamfanonin inshora suke zamewa. Ranar da ka sauka, tun kana da lafiya, ka tambayi ma'aikatan otal UPA mafi kusa. Ka sa a rubuta maka 'yar takarda da harshen Fotugis mai ɗauke da sunanka, da kalmar hipertensão wato hawan jini, da sunayen magungunanka na asali, da lambar wanda za a kira. Ka ajiye ta a aljihu, don waya tana iya ɓata a cikin cunkoso. Kuma ka samu abokin aiki ɗaya da zai riƙa jin muryarka safe da yamma. Abin da ya fi wahalar da kai a waccan tafiyar kaɗaici ne, wannan kuwa ana iya maganinsa tun daga yanzu.

Rigakafin cutar shawara ka yi shi da gaske, aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Annobar da aka yi tsakanin 2016 da 2018 ta kai jihohin Riyo da Sao Paulo da Minas Gerais. Masu sayen katin rigakafin da aka buga wa hatimi ba tare da allura ba, sauro ba ya karanta kati. Idan kuma ka taɓa yi, to tun 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kada wani ma'aikaci ya tsare ka da zancen shekara goma. Rigakafin denge mai suna Qdenga allura biyu ce da tazarar wata uku, lokacinka ba zai kai ba.

Abin da ya rage maka shi ne hana cizon. Sauron denge da rana yake cizo, musamman da sassafe da kafin faɗuwar rana, don haka gidan sauro na dare kaɗai bai isa ba. Ka nemi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ko ikaridin, ka fara shafa man kariyar rana sannan shi a sama, ka sake bayan gumi. Shi ne dai sauron da ke yaɗa cututtukan cikungunya da zika, ita zika kuwa tana yi wa ɗan da ke ciki illa, saboda haka mai juna biyu ta nemi shawarar likita kafin irin wannan tafiya.

Maganin hawan jininka ya kasance a jakar hannu, cikin kwalinsa, da ƙarin na mako guda. Idan cikinsa akwai mai sa fitsari, zafin Riyo da tsayuwa cikin taro suna iya jawo maka jiri, sai ka yawaita ruwa da neman inuwa. Gudawa kuwa yawanci ruwan gishiri da sukari ya ishe ta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In da jini a ciki ko zazzaɓi, asibiti.

Denge yana ɗaukar kwana 4 zuwa 10 bayan cizo kafin ya bayyana, ke nan sauron ranar ƙarshe a Riyo yana iya kwantar da kai bayan ka koma gida. Duk zazzaɓin da ya zo maka cikin mako biyu da dawowa, kalmar farko da za ka faɗa wa likita ita ce ka dawo daga Barazil, kuma kada ka yarda kowa ya yi maka allurar ciwon jiki kafin a ga sakamakon jininka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.