Kayan Haɗa Inbata Sun Yi Ɓatan Dabo, Yaya Zan Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, ina haɗa ƙananan inbatoci masu batir ɗaya na masu cajin waya da masu aski. Wata biyu ke nan ina neman mosfet, ɗan makunnin lantarki mai ƙafa uku da ke cikin inbata, mai lamba IRF3205. Sau uku ina kashe kuɗin mota zuwa Kano, ko a ce ya ƙare, ko a ba ni wanda ana kunnawa sai hayaƙi. Mutum huɗu sun ba ni kafin alƙalami, har na fara sauya hanya in na hango su. An daina yin sa ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ba a daina ba, kuma daina sauya hanya.

Na sha irin wannan wuya a 2021. A lokacin yankewar irin waɗannan ƙananan kayan lantarki ta duniya ce baki ɗaya. Korona ta rufe masana'antu, mutane suka zauna a gida suka rufar wa kwamfuta da waya da saye. A watan Fabrairu sanyi ya kashe wuta a Texas ta Amurka, masana'antun Samsung da NXP da Infineon suka tsaya. A Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas a Japan, ga Taiwan kuma, inda TSMC, babban kamfanin ƙera irin waɗannan kaya, yake, tana fama da fari, alhali sana'ar ba ta yiwuwa sai da ruwa mai ɗimbin yawa. Manyan kamfanonin mota ma sai da suka dakatar da aiki saboda ɗan abin da bai kai farce ba, balle mu da ke can ƙarshen layi.

Waccan ta lafa tun wajen 2023. Abin da ke cizon ka yanzu, a ganina, dala ce. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar da jarinsa ya tsuke ba zai zuba kuɗi a kayan da za su kwana a kanta ba. In ma ya kawo, mai araha zai ɗauko, kuma a nan jabu ke shigowa.

Bari in ba ka nawa labarin. Gab da babbar sallah ta 2021 na samu guda hamsin a hannun wani mai shago, farashi mai daɗi, rubutu fes. Na haɗa inbata shida. Ta farko ta ƙone a shagon wani mai aski ranar jajibere, ya yi wa yaro rabin kai, ga layi har waje. Da na dawo na sa filaya na fasa guda ɗaya, na fasa wani tsoho da na ciro daga mataccen UPS (akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke), na jera su a tafin hannu. Ɗan ƙyallin da ke cikin tsohon ya yi biyun na sabon, ko fiye. Riga ɗaya, ciki daban. An goge lambar ƙarami ne aka buga ta babba.

Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na gwada. Ka tafi da batir, da ƙwan fitilar mota mai wat 55, da mitarka. Ka haɗa ƙwan ta cikin mosfet ɗin, ka ba ƙafar farko bolt 12 ya kunna, sannan ka auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta ƙarshe. Ƙwan yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, shi kuwa 3205 na gaske turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, miliyom 8 ce, don haka bai kamata mita ta wuce milibolt 40 da wani abin kirki ba. In ka ga 100 ko sama, ajiye masa kayansa. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Amma babban kuskurenka, ɗana, ka auri lamba ɗaya. Ni ma haka maigidana ya koya mini, 3205 ko babu. Ba lambar ke aiki ba, abubuwan da ke bayanta ne: bolt nawa yake ɗauka, wuta nawa ke wucewa, zafi nawa yake yi. IRFZ44N ma bolt 55 yake ɗauka kamar 3205, sai dai turjiyarsa ta ninka da ɗoriya, miliyom 17.5. Ka sa biyu a gurbin kowane ɗaya, ka ba kowanne tasa rasista a ƙafar farko, ka ƙara faɗin alminiyon da ke shan zafi. P75NF75 yana ɗaukar bolt 75, ya fi ma dacewa idan wata rana ka koma batir biyu. IRF1404 ba ya zafi sosai, amma bolt 40 ne iyakarsa. Ka tuna a irin haɗin da muke yi, mosfet ɗin da ke hutawa yana ganin ninkin ƙarfin batir, don haka kada ka kusanto da shi inbata mai batir biyu, wato bolt 24. Kada kuma ka gauraya lamba biyu a ɓangare ɗaya, mai sauƙin wucewa ne zai ɗauki kayan shi kaɗai har ya fashe. Haka ai-si, wanda ke ba mosfet umarnin kunnawa da kashewa: KA3525 yana zama daram a gurbin SG3525, KA7500 a gurbin TL494. Amma SG3524 ƙafafunsa daban ne, kusancin lamba kada ya ruɗe ka.

Sai 'yan gwangwan. Kada ka ji kunyar tsugunawa gabansu. Tsofaffin UPS na ofisoshi yawanci batir ne ya mutu aka yar da su, mosfet da taransifoma na nan lafiya ƙalau, kuma na asali ne. Su a kilo suke lissafi. Ka kama mutum ɗaya, ka riƙa ɗora masa ɗan abu a kan kuɗin kilo, za ka ga yana ware maka kafin ya sa guduma. Kafasita ce kawai ban yarda da tsohuwa ba, tana bushewa. Ka sayi sabuwa mai rubutun digiri 105, ita ke jure zafin bazararmu a shagon langa-langa.

Game da ajiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba komai za ka tara ba, waya da dalma da kusoshi ko ina akwai. Abu biyu ko uku da in babu su aiki ya tsaya, su za ka saya da kaka, lokacin da kuɗin riɗi da shinkafa suka shigo gari ana biyan bashi. Masana'antun China suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, giɓin kuma yakan iso mu daidai lokacin da zafi ya tashi kowa ke neman fanka. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, da na Taura da na Garki in akwai, mutum ɗaya ya je da mita ya sayo sari, a raba kuɗin mota.

Mutanen nan huɗu kuwa, ka same su da kanka kafin Juma'a. Ka ce kayan da ka saba sawa sun yanke, za ka sa wani, akwatin zai ɗan fi girma, ga ranar da za su karɓa. Wanda ba zai iya jira ba, ka mayar masa da kuɗinsa a gaban wanda ya haɗa ku. In akwai mai aski a cikinsu, tasa za ka fara haɗawa, ka kunna ta da injin aski da fanka ta yini guda a shagonka kafin ka kai masa.