Zangunan da kakata take jerowa: amsa ga ɗana na Bajoga

Ɗana, saƙonka ya iso ni a nan Gadarif. Ka ce kana rubuta labarin almara na wani ayari da ya bar Bormi, kusa da garinku Bajoga, ya nufi gabas har ya faɗa ƙasar aljanu, kuma kana so ku mai da shi wasa kai da abokanka a Gombe, irin wanda mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani, a jefa ƙwayar ludo a ga abin da zai same shi. Ka kuma tambaye ni yadda mu Hausawan Sudan muke riƙe asalinmu, da yadda za ka gano zuri'ar ƙanen kakan mahaifinka da ya bi ayari bai dawo ba.

Bari in fara da asali. A wurinku idan aka tambayi mutum tushensa, iyaye yake jerowa, wane ɗan wane. Mu ma muna yin haka, amma tsofaffinmu zanguna suka fi jerowa. Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan zauna bakin angarib, gadon igiyar nan na Sudan, da carbi a hannu, tana jan ƙwaya ɗaya-ɗaya: Borno, Abashe, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Sinnar. Kowace ƙwaya da abin da ya faru a kanta. A nan aka haifi yayarta. A can aka binne wani kawunta a gindin kuka. A Abashe suka yi damina biyu suna noma don guzuri ya ƙare, a Fashir aka sayar da jakin ƙarshe. Ba ta taɓa tsallake zango ba, kuma in yaro ya katse ta sai ta koma farko.

Mafarin abin kuwa a ƙofar gidanku yake. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira da jama'a mai yawa, aka tare shi a Bormi ya yi shahada ran 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira zuwa gabas, wajen 1906 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har yau, inda aka haife ni. Iyayen kakata daga baya suka biyo sahu, kamar dubban mutane da suka fito da niyyar Makka a ƙafa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aiki ya samu, mutum ya ce bari in yi kaka ɗaya in tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Kaka ɗaya ta zama goma, aka yi aure, aka haihu. Duk da haka na taso na iske tsofaffi in an tambaye su sai su ce, “Muna kan hanya.” Da gaske suke faɗa, kuma wasunsu sun isa.

Shekarar da na zo Gombe mahaifinka ya goya ni a babur ya kai ni kabarin Attahiru. Na tsaya ina kallon gonakin gero da suka kewaye wurin, sai na ji bakina yana jero zangunan kakata da baya-baya, daga Sinnar har inda nake tsaye. Mahaifinka bai ce mini komai ba, ya dai riƙe hannuna muka yi addu'a.

Game da wanda kake nema, kada ka dogara da sunan da kuka san shi da shi. Takardun Sudan sunaye huɗu suke so, naka da na uba da kaka da kakan uba, duk a bakin Larabci. Audu ya koma Abdullahi, Garba ya koma Abubakar, Tanko da Ɗanjuma kuwa ba sa shiga takarda sam. Je ka wurin tsofaffin matan gidanku ka tambaye su abu uku: sunan matar da ya tafi da ita, malamin da ya bi, da irin tsagen da ke fuskarsa. A nan mata ne ke riƙe da lissafin aure, kuma unguwanni da yawa a bayan malami ɗaya suka taru. In ka samo waɗannan, na san ƙofofin da zan ƙwanƙwasa.

Hausa kam muna yi, a gida da ita ake tashi, a kasuwa da makaranta Larabci. Sai dai inda kuka ari Turanci mu Larabci muka ara: motarku arabiyya ce a bakinmu, asibiti mustashfa.

Tatsuniya ma ƙofa biyu gare ta a gidanmu. Kakata ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” maƙwabciyarmu Balarabiya ta ce “Hajjaitkum ma bajjaitkum,” mu yara mu kwashi duka biyun. Gizo da Ƙoƙi sun yi hijira tare da mu, amma Dodo ya haɗu da ghul na Larabawa har ba ma rabe su, kuma kogin da ake jefa marainiya a ciki kullum Nilu muke gani. Wasan da ka kwatanta kuwa ya tuna mini da namu na dandali. Mukan naɗa madugu da jagaba da uban dawaki, yadda fatake ke yi, kara ya zama raƙumi, wata yayarmu ta hau turmi ta riƙe labari. Sai ta ce, “Kun iso rijiya, ta ƙafe, ga 'yan fashi a bayan tudu. Madugu, me ka ce?” Abin da ya faɗa shi za a bi, in ya yi kuskure ta kashe mutum biyu su koma gefe su zauna. Ba mu da ƙwayar jefawa, hukuncinta ne kawai. Ka sa waɗannan muƙaman a wasanku, ka kuma tambayi dattawa yadda samari ke naɗa sarki da alƙali a wasan kalankuwa.

Roƙona ɗaya ne. Ka sa aljanu yadda kake so, amma kada ka rubuta ayarin nan kamar mutanen da hamada ta haɗiye. Muna nan, a Kasala da Gadarif da Damazin da Bur Sudan, muna noma, muna kamun kifi, muna karantarwa, kuma duk wanda ya ci agashe, gasasshen naman nan irin tsire, a Khartum ya san na Hausawa ne. Ana kiranmu Fallata ko Takari, wani da ladabi, wani da raini, don har yau akwai masu ganinmu baƙi bayan shekara ɗari da ɗoriya. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli 2022 a kan ƙasa da sarauta ya ci rayukan mutanenmu da yawa, yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 kuma ya sake ɗora wa iyalai kaya a ka. Jikata da suka gudo daga Sinja, ran nan na ji tana jera wa ƙanenta garuruwan da suka kwana kafin su iso nan, da yatsu, ba wanda ya koya mata.

Ka turo mini amsar tsofaffin da zarar ka samu, ko da sunan malamin ne kaɗai. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida baki ɗaya.